Asabar a filin harbi

Yau da hantsi na kai Auta da Anti filin koyon harbi da nake zuwa a bayan garin Houston na jihar Texas a Amurka, kuma har yanzu da nake rubutu bayan Isha'i wata magana da Auta ya yi tana ci mini rai.

Kafin kowa ya taɓa ƙarfe sai da na zaunar da su muka bi ƙa'idoji huɗun da Jeff Cooper ya yi suna da koyarwa a makarantarsa ta koyon harbi da ke jihar Arizona. Kowace bindiga a ɗauka akwai harsashi a cikinta, kada a nuna bakinta ga abin da ba a yi niyyar hallakawa ba, yatsa kada ya hau kunama sai an gama saiti, sannan a san abin da ake harbi da abin da ke bayansa. Na ba su abin toshe kunne da tabarau, domin ƙarar harbi takan kai desibel 140 ko fiye a ma'aunin ƙarfin sauti, kuma jin da ya lalace ba ya dawowa. Da ƙaramar bindiga mai harsashi .22 muka fara, saboda ba ta fizgar hannu sosai.

Anti, wadda tun a mota take salati, ita ce ta ba ni mamaki. Ta tsaya daram, ta matsa kunamar a hankali yadda aka nuna mata, harsasanta suka taru wuri guda a takardar saiti da ke nisan yadi 7. Ko da kwanson harsashi mai zafi ya faɗa cikin hijabinta, sai da ta ajiye bindigar bakinta na kallon gaba, sannan ta kakkaɓe.

Auta kuwa ya harba kaɗan, ya zare gidan harsasan, ya juyo da bindiga a hannu yana son ya tambaye ni wani abu, bakinta ya ratsa daidai cikin Anti. Mai kula da filin ya daka tsawa, ni kuma na kama wuyan hannunsa na mayar da shi gaba. Ya ce, "Haba Yaya, ai na cire, babu komai a ciki." Na ce ya ja saman bindigar baya yatsansa na nesa da kunama. Yana ja, harsashi ya yi tsalle ya faɗo kan tebur ya gangara. Irin waɗannan bindigogi da kansu suke ɗora sabon harsashi bayan kowane harbi, don haka cire gidan harsasai ba ya fitar da wanda ya riga ya shiga, sai an buɗe an duba da ido.

Na zaci zai yi shiru na ɗan lokaci, amma sai ya yi dariya ya ce, "Allah ya tsare, kwana bai ƙare ba." Gaskiya ya faɗa, Allah ne ya tsare, sai dai yadda ya faɗe ta ya nuna mini cewa ya rufe zancen ke nan, bai ga akwai abin da zai gyara a hannunsa ba. Sabon shiga mai tsoro bai taɓa damuna ba, domin tsoro yana sa mutum ya saurara. Wanda ya saba ganin bindiga a fim, ya ɗauka ya riga ya iya, shi ne ke hana ni barci.

Abin da ya ƙara mini nauyi shi ne yana shirin sayen ƙaramar bindiga ƙirar Glock 19 saboda aikin dare da yake yi a shagon gidan mai, ga yara ƙanana a gida. Tun watan Satumban 2021 dokar Texas ta bar wanda ya kai shekara 21, in babu abin da ya haramta masa, ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasisi ko darasi ba, saboda haka babu wanda zai tilasta masa koyo.

Mun wanke hannu saboda gubar dalma, muka kamo hanya. A mota na ce masa kada ya saya sai ya yi darasi wurin ƙwararren malami, ya kuma tanadi akwati mai makulli. Ya ce zai duba. Gobe zan kira Kawu, don shi kaɗai Auta ke jin maganarsa.