Baka Biyu a Shagon Buga Takardu

Shagona na buga takardu yana Samaru a Zariya, kuma galibin aikin da ake kawo mana da Turanci ne: kundin kammala karatu na ɗalibai, takardun neman aiki, da yarjejeniyar haya ko ta cinikin fili. Duk yaron da ya zo koyon aiki, kafin in damu da saurin hannunsa a kan kwamfuta, sai na zaunar da shi a kan alamomin rubutu, kuma wadda ta fi ba su wahala ita ce baka biyu.

Abin da nake fara nuna masa shi ne ya sa yatsa ya rufe abin da ke cikin bakan, sa'an nan ya karanta jimlar. Idan ta tsaya da ƙafafunta, to an yi daidai. Idan kuwa ta gurgunce, abin da aka cusa ciki ba ƙarin bayani ba ne, jigon magana ne, kuma wajibi ne a fito da shi.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin sa aya. Idan bakan ya zo a ƙarshen jimla alhali abin da ke ciki guntun bayani ne, ayar tana waje, bayan an rufe. Idan kuwa cikakkiyar jimla ce mai zaman kanta aka killace, sai ta fara da babban baƙi, ayarta kuma ta zauna a ciki. Waƙafi ba ya gabatar baka a tsakiyar jimla, sai dai ya biyo bayan na rufewa. Kuskuren sa aya ya fi bayyana a kundin ɗalibai masu bin tsarin APA, wato wani salon nuna madogara a rubutun bincike, inda ake sa sunan marubuci da shekara a baka a ƙarshen jimla. Sau da yawa ɗalibi yakan ɗiga ayarsa tun kafin bakan, sai madogarar ta zama marainiya, ba a san jimlar da ta mallake ta ba. Irin wannan nakan gyara ba tare da na tambayi kowa ba, domin ya fi mini sauƙi a kan a dawo mini da shafi tamanin a ce in sake bugawa.

Baka mai kusurwa kuwa, wato [ ], aikinsa daban ne, ana sa shi ne idan mai rubutu ya ƙara kalmarsa a cikin maganar wani da ya ɗauko.

Takardun yarjejeniya su ne nake dubawa da kaina, saboda a nan ana rubuta kuɗi da kalmomi, a maimaita shi da lambobi a cikin baka. Wata rana wani yarona ya buga naira dubu ɗari biyar da kalmomi, amma a baka ya sa N50,000, sifili ɗaya ya faɗi. Allah ya sa na gani kafin mai takardar ya iso. Tun daga ranar, idan kalmomi da lambobi suka saɓa a rubutun hannun da aka kawo mana, ba ma zaɓar ɗaya da ka, sai mun kira mai ita a waya ya faɗa mana da bakinsa.