Raga ce take cinye mini Karenia

'Yan'uwa masu ɗibar ruwan teku, yau dai lissafina ya fito, kuma na ji daɗi ƙwarai. Mako uku ina ɗibar samfur da raga a gaɓar yammacin Fulorida, ga mushen kifi a bakin ruwa, ga tari yana damun mutane, amma faifan ƙirgata ba ya nuna ko ƙwaya ɗaya ta Karenia brevis, 'yar mitsitsiyar gansakukar teku mai guba da ke jawo hakan idan ta yaɗu. Ashe laifin raga ne.

Ragar mai ramin maikuron 20 (maikuron dubu ne milimita ɗaya) tana kama gansakuka masu tauri lafiya lau. Karenia kuwa ba ta da sulke, fatarta sakayau ce, girmanta kuma maikuron 20 zuwa 40 ne kawai. Idan aka ja raga da ƙarfi, wasu ƙwayoyin su sulale ta ramuka, sauran su fashe su zama majina a jikin zaren. Fomalin ma, sinadarin adana samfur, yana lalata siffarta. Abin da ya yi aiki shi ne ɗibar ruwan kai tsaye a kwalba, a kamu ɗaya ko biyu ƙasa da saman ruwa, a ɗiga ruwan aidin na Lugol nan take, mililita 1 a kowane 100, har ya yi launin shayi marar madara. Kwalbar ta zama mai duhu, don haske yana kashe aidin ɗin.

Sai matsala ta biyu, wadda ta fi ba ni haushi. Faifan ƙirga na Sedgewick-Rafter, wanda ake sawa a madubin hangen ƙwayoyi, mililita 1 yake ɗauka, saboda haka ƙwaya guda a cikinsa daidai take da 1,000 a lita. To a Fulorida ana rufe kamun kawa idan an haura 5,000 a lita, wato ƙwayoyi biyar kacal a faifai. Kuskuren ƙwaya biyu ya rusa lissafin. Yanzu ina zuba mililita 100 a doguwar kwalbar awo, ta kwana awa 24 ba a taɓa ta ba, in zuƙe 90 na sama da siririn tiyo a hankali, in motsa goman da suka rage. Ƙwaya guda a faifai ta koma 100 a lita. Faifan roba ya kakkarce, dole na sayi na gilashi, kuma kuɗinsa ya yi mini zafi.

Kada ku yi hasashe da ƙirgen bakin gaɓa kaɗai. Yaɗuwar tana farawa ne can kilomita 16 zuwa 64 cikin teku, galibi ƙarshen lokacin zafi, sannan iska da ruwan ƙasa mai tasowa su turo ta gaɓa. Ƙurar Sahara da ke tsallako Atilantika tana kawo sinadarin ƙarfe, wata ƙwayar halittar teku mai suna Trichodesmium ta samu ta janyo naitirojin daga iska, Karenia ta ci gajiya. Takin gona da ke gangarowa yana iya ƙara mata ƙarfi bayan ta iso. Ina rubuta gishirin ruwa ma, domin ba ta jure ruwan da ya gaza kashi 24 cikin dubu.

Samfurin jiya ya ba ni ƙwayoyi 38, wato 3,800 a lita. Biyu a ciki sun yi kama da 'yar'uwarta Karenia mikimotoi, zan sake duba su kafin in ɗebo na Asabar.