Zafin ruwan da ya dace da renon 'ya'yan niyut a gida

Niyut wata 'yar halitta ce mai siffar ƙadangare, amma dangin kwaɗo ce, a ruwa take ƙwai. Babu ita ko kaɗan a Afirka kudu da Sahara, shi ya sa ba ta da suna a Hausa. Gidanta Turai ne da Asiya da Amurka ta Arewa da gefen arewacin Afirka, kuma a can ake kiwonta a akwatin gilashi. 'Ya'yanta kamar talibambam suke, sai dai suna da wasu zare-zare kamar gashin tsuntsu a gefen kai da suke numfashi da su, kuma ƙafafun gaba ne ke fara fito musu, saɓanin kwaɗo.

Kuskuren da ya fi kashe su shi ne a ɗauke su kamar kifin ado. Hitar da ake sayarwa domin kifi galibi tana riƙe ruwa a digiri 25 ko 26 na ma'aunin Salshiyas, wannan kuwa ya yi wa yawancinsu yawa. Hita ba ta cikin kayan aikin wannan reno. Aikin duka na sanyaya ruwa ne.

Kowane iri da nasa. Niyut ɗin tsaunukan Alps da ƙaramin nan da ya cika kududdufan Turai sun fi samun lafiya tsakanin digiri 15 da 18. Mai jan ciki na ƙasar Sin yana son 18 zuwa 20. Babban nan na Sifen da Fotugal da Maroko, wanda masana ke kira Pleurodeles waltl, ya fi su juriya, 18 zuwa 22 ya yi masa daidai. Wanda bai tabbatar da irin da ke hannunsa ba, ya tsaya a 18, babu wanda za ta cutar a cikinsu.

Dalilin tsoron zafi ba ɗaya ba ne. Ruwa mai digiri 15 yana iya riƙe kusan miligiram 10 na iskar oksijin a kowace lita, a digiri 25 kuwa bai fi 8.3 ba. A daidai lokacin da iskar ke raguwa, jikin ɗan niyut yana ƙara buƙatarta, domin zafin jikinsa na ruwan ne, yana ƙaruwa aikin jiki na ƙara sauri. Ya ci da yawa, ya yi kashi da yawa, ragowar abinci ta ruɓe da wuri, amoniya, gubar da ke fitowa daga kashi da ruɓaɓɓen abinci, ta taru, ita ma dafinta na ƙaruwa da zafi. Sai ka ga yaran sun taso sama suna haɗiyar iska, zare-zaren numfashi sun kwanta sun kode, sun daina farauta. Har jinsi zafi ke taɓawa: an gwada a kan na Sifen, waɗanda aka rena a digiri 32 matansu sun rikiɗe sun zama maza.

Gaskiya ne ruwa mai ɗumi yana sa girma da sauri, wannan ne ke ruɗar mutane. Amma gaggawar tana sa su bar ruwa suna ƙanana, kuma ƙaramin da ya fito tudu ciyar da shi jan aiki ne. Sanyi shi ma in ya sauka ƙasa da digiri 10, ƙwai kan daɗe bai ƙyanƙyashe ba, farar funfuna kamar auduga ta samu lokacin kama shi.

Wani abin lura ga masu irin Triturus, wato mai tukku da mai dabbare-dabbaren kore: rabin ƙwansu yana mutuwa tun kafin ya ƙyanƙyashe saboda wata matsala ta gado. Ba laifin ruwa ba ne, kada a yi ta sauya zafi ana neman gyara. A tsince matattun kawai. Mai tukkun nan kuma doka ta kare shi a Birtaniya, ba a ɗibar ƙwansa sai da lasisi.

A aikace, a sa ma'aunin zafi a cikin ruwan, ba wanda ake mannawa a jikin gilashi ba, a duba shi da asuba da kuma la'asar. Bambancin digiri biyu ko uku tsakanin dare da rana ba komai ba ne, faɗuwa ko hawa farat ɗaya ce matsala. Ƙaramar roba mai lita ɗaya takan yi zafi cikin sa'a guda in rana ta same ta, don haka a nisanci taga, a ajiye a ƙasa a ɗakin da ya fi sanyi. Dabara mai kyau ita ce a jera ƙananan robobin cikin babban baho mai ruwa, yawan ruwan bahon ya riƙe musu sanyi. Idan bazara ta matsa, ƙaramar fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri biyu zuwa uku, sai dai a riƙa cike abin da ya ƙafe. Gorar ƙanƙara a baho ake sa ta, ba cikin robar yaran ba.

Ruwan canji a cire masa kulorin, wato maganin da ake zuba wa ruwan famfo, a kwana da shi a ɗaki ɗaya da su, ya zama bai bambanta da nasu da fiye da digiri ɗaya ko biyu ba. Abincinsu na farko, bayan sun gama da gwaiduwar cikinsu a 'yan kwanakin farko, shi ne jariran artemiya, wasu ƙananan halittun ruwa dangin jatan lande. Su kuwa a ruwan gishiri mai digiri 26 zuwa 28 ake ƙyanƙyasarsu, saboda haka a tace su, a ɗauraye da ruwan ɗakin kafin a zuba. A ruwan daɗi ba sa wuce 'yan sa'o'i, duk wanda ba a cinye ba a zuƙe shi da siririn tiyo a ranar.

Bayan wata biyu zuwa huɗu, gwargwadon iri da sanyin ruwa, zare-zaren numfashi za su fara motsewa. A rage ruwan zuwa santimita biyu ko uku, a sa dutse ko gansakuka da za su hau, a rufe da murfin raga, domin suna hawan gilashi, kuma murfin roba yana tsare zafi a ciki.