Laraba: wace manhaja zan riƙe kafin azumi?

Yau ban leƙa kasuwar Kwari ta nan Kano ba. Tun hantsi na zauna da waya da littafin lissafi, don ina so in raba gardama kan manhajar ƙirƙirarriyar basira da zan riƙa aiki da ita a sana'ata ta atamfa da leshi. Abu biyu nake nema: ta tace mini abin da kwastomomi ke cewa, ta kuma taya ni tsara tallan da zan riƙa sakawa a Instagram daga nan har salla.

Bayan azahar ƙanena da ke karatu a Jami'ar Bayero ya shigo, ya jero mini su: ChatGPT na kamfanin OpenAI, wanda ya fito a ƙarshen 2022, da Gemini na Google, da Claude na Anthropic, sai Meta AI da ke cikin WhatsApp ɗin kanta. Kowanne akwai na kyauta. Akwai na biya a ChatGPT na dala 20 duk wata, da na buga shi da naira sai na ga ribar turmi nawa zai cinye.

"Yaya, kada ki biya tukuna," in ji shi. "Ki gwada su da saƙonnin kwastomominki na gaske."

To, nan gizo ke saƙa. Kwastomomina ba masu cike fom ba ne. Hajiya saƙon murya za ta turo, ta yi sallama, ta tambayi maigida da yara, ta sa albarka, sai can ƙarshe ta sassauta murya ta ce, "Sai dai fa kalar ba ta fito kamar ta hoto ba." Ƙorafin ke nan, a lulluɓe cikin kunya. Masu rubutu kuwa Hausa ce gauraye da Turanci, duk a gajarce. Manhajar da ba ta gane wannan ba za ta ce mini kowa ya gamsu.

Muka zauna ina sauraro yana rubutawa. Na sa ya cire sunaye da lambobin waya kafin mu liƙa komai. Amana ce, matan aure ne da yawansu, kuma ƙasar nan na da dokar kare bayanan jama'a tun 2023.

Manhaja ɗaya ta ɗauki gaisuwar a matsayin yabo, ta wuce. Wata kuwa ta kamo bakin zaren, ta ware ƙorafin kala daban, na jinkirin kai kaya Mariri da Rijiyar Zaki daban. Na kala ya fi yawa nesa ba kusa ba. Hotunan a ƙarƙashin farin ƙwan shago ake ɗauka, shi ke sa ruwan toka ya koma kamar shuɗi. Daga yanzu a inuwar safiya zan riƙa ɗauka, a tsakar gida.

Wajen tsara talla sai da na koya musu Kano. Na bayyana cewa teloli kan daina karɓar ɗinki tun azumi bai yi nisa ba, don haka tallan atamfa a Sha'aban zai yi zafi. Cikin azumi sai bayan buɗa baki mata ke ɗaukar waya. Bayan salla kuma a koma kayan lefe. Da na faɗa, jadawalin ya fito da ma'ana, sai gyaran Hausar da na yi da hannuna.

Na tsaya kan ta kyauta wadda ta gane ƙorafin, jadawalin kuma zan loda shi a Meta Business Suite, manhajar tsara saƙonnin Instagram da Facebook, tallan ya riƙa fita da kansa. Amsa wa kwastoma dai ba zan ba na'ura ba, da muryata zan mayar. Gobe da safe zan kira Hajiyar da ta yi maganar kala in ce ta dawo da turmin a canza mata.