Inda tamowa ke kama yaro: abin da aikin awon yara ya koyar

Duk wanda ya daɗe yana awon yara a asibitin karkara, daga Katsina har Maraɗi, ya san layin iyaye mata ya fi tsawo tsakanin Yuni da Satumba. Rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, zazzaɓin cizon sauro da gudawa sun shigo tare da ruwan sama. Amma sau da yawa akwai gero a gidan da yaro ya rame. Yaron ne ba ya samun abin da jikinsa ke bukata.

Waɗanda suka fi faɗawa su ne 'yan wata 6 zuwa shekara 2. Cikin ɗan wata 7 ƙarami ne, idan aka cika shi da kunu tsararo to ruwa ya sha. Kunu ya yi kauri har ya tsaya a cokali, a sa garin gyaɗa ko waken soya, ɗan man ja, ƙwai ko garin busasshen kifi. Daga wata 6 zuwa 8 a ba shi sau 2 zuwa 3 a rana, daga wata 9 sau 3 zuwa 4, nono kuma bai tsaya ba.

Kwanika na cikin abubuwan da suka fi cin yara. Uwa ta samu ciki tana goyo, sai a ce nonon ya lalace, a yaye yaro rana ɗaya a kai shi gidan kaka. Nonon bai lalace ba, kuma yaron da aka raba da nono da uwa lokaci guda yakan ƙi abinci. Haka ma zubar da dakashi da ba jariri ruwa kafin wata 6 saboda zafi: ruwan yana tare gurbin nono, ga ƙwayoyin gudawa. Tagwaye, marayu da wanda aka haifa ƙasa da kilo 2.5 sai an ninka sa ido a kansu.

Sai ciwo. "Ai haƙori ne" ta sa an bar yara da yawa suna gudawa har suka zube. Gudawa na bukatar ruwan ORS, wato haɗin gishiri da sukari, da maganin zinc na kwana 10 zuwa 14, kuma kada a rage abinci. Ƙyanda ma tana barin yaro a rame, shi ya sa allurar wata 9 ba abin wasa ba ce.

Ido yana yaudara, a auna. Igiyar awon dantse ta 'yan wata 6 zuwa 59 ce: ƙasa da santimita 11.5 ja ne, tamowa mai tsanani; 11.5 zuwa 12.5 rawaya. A danna bayan ƙafa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan rami ya zauna a duka biyun, kumburin tamowa ne ko da awo ya nuna kore, wato alamar lafiya, kuma irin wannan yaron ne ake yi wa kallon mai ƙiba. Wanda ya kasa cin abincin tamowa na leda a gwajin ci, kwantar da shi ake yi. Wanda aka ba abincin ya tafi da shi gida kuwa, a faɗa wa uwa a fili cewa magani ne, na yaro ɗaya, domin rabawa da yayyensa na cikin dalilan da ke sa nauyi ya ƙi ƙaruwa a awon mako.