Mako na shida: karen da bai yi haushi ba

'Yan uwa masu koyon rubuta labarin bincike, barkanmu da war haka. Mako shida ke nan ina fama da labarin sarƙar gwal da ta ɓace daga akwatin lefe, kuma a wannan makon sai da na yaga babi uku.

Ƙanwata ce sila. Na ba ta ta karanta, tana kaiwa ƙarshe ta ajiye takardun ta ce, "Yaya, ai wannan cuta ce. Direban da ka ce shi ya sata, yaushe ya taɓa fitowa a labarin?" Na rasa ta cewa. Garin gudun kada a gano shi da wuri, na hana shi leƙowa sam sai a shafin ƙarshe. Ashe tun 1929 wani marubucin Ingila, Ronald Knox, ya jera dokoki goma na irin wannan rubutu, ta farko kuwa ita ce dole a ambaci mai laifin tun farkon labari.

Sai na koma wa labarin da na fi ƙauna, "Silver Blaze" na Arthur Conan Doyle, wanda ya fito a 1892. An fitar da dokin sukuwa daga barga da daddare, ga kare a wurin, amma bai yi haushi ba. Mai karatu ya san da karen, sai dai ba ya kawo komai a ransa, har mai binciken da ke cikin labarin, Sherlock Holmes, ya nuna cewa shirun nan shi ne shaida: karen ya san wanda ya shigo. Da ɗan gari akan ci gari. Abin da ke burge ni, ba a ɓoye maka komai ba, kai ne ka gani ka wuce. Shi ya sa in aka warware, kanka kake dafewa, ba marubucin kake zagi ba.

Agatha Christie kuma, marubuciyar labaran bincike, ta yi aikin haɗa magani a asibiti lokacin yaƙin duniya na farko, don haka guba ta sa a littafinta na farko a 1920. Ni ban san guba ba, amma gidan biki na san shi ciki da bai.

Yanzu daga ƙarshe nake farowa: wa ya sata, yaushe, me ya bari. Na kori direban. A shafi na huɗu ƙawar amarya na zaune da ɗanyen lalle a hannu, tana cewa a ba ta ruwa a baki don ba ta iya taɓa komai. A shafi na tara, cikin hayaniyar ƙirga atamfofi, wata gwaggo ta yi mitar jan tabo a jikin farin leshi, aka wuce.

Jiya ƙanwar tawa ta sake karantawa zuwa babi na biyar. Gwaggon take zargi, har da rantsuwa. Ban ce mata uffan ba.