Tarihin Rayuwata (7): Ranar da Kamfas Ya Ba Ni Kunya

A makon jiya na tsaya a inda Kawu ya ɗauke ni yaron aikinsa na safiyo, wato awon filaye. To, a kwana na uku ne ya zaro wani ɗan abu mai murfi daga aljihu ya danƙa mini. Kamfas ne, gilashinsa duk ya karce, allurar ciki mai jan baki tana rawa kamar mai jin sanyi kafin ta natsu.

"Riƙe shi a kwance. Inda jan bakin ya tsaya, nan ne arewa. Gabas 90, kudu 180, yamma 270. Share mana layi a kan 90."

Na ce an gama. Ni da nake taƙama da boko, wannan ai wasan yara ne. Don kada hannuna ya girgiza shi, sai na ɗora shi a kan addata, na karanta, na kama sara. Na share kusan taku ɗari, gumi ya jiƙa ni sharkaf, sannan Kawu ya iso. Ya dubi layin, ya dube ni.

"Ina za ka kai mu?"

"Gabas, Kawu, yadda kuka ce."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya sa na maimaita abin da na yi, sannan ya janye addar a hankali. Ina kallo allurar ta juya ta koma wani wajen daban.

A nan tsugune ya warware mini. Allurar maganaɗisu ce, duniyar ma kanta ƙaton maganaɗisu ce, domin can cikinta akwai narkakken ƙarfe da ke motsi ba dare ba rana. Shi ke haifar da jan da allurar ke miƙewa a kansa, daga kudu zuwa arewa. Sai dai jan nan ba shi da ƙarfi sosai, ƙarfen da ke kusa kan rinjaye shi: adda, mota, har kan bel ɗin mutum.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne da ya ce arewar allura ba ita ce arewar taswira ba. Akwai 'yan digirori tsakaninsu, kuma tazarar ta danganta da inda kake tsaye. Daga baya na karanta cewa wani Baturen Ingila mai tafiye-tafiyen bincike, James Clark Ross, ya isa wurin da allurar ke nufa a 1831, a arewacin Kanada, amma wurin bai zauna ba, yana ta gusawa ya doshi Saiberiya ta ƙasar Rasha. Shi ya sa Kawu kan duba shekarar taswira kafin ya yarda da gyaran da aka rubuta a gefenta.

Ranar dai sai da na sake sharar daga farko, addar tana can nesa duk lokacin da zan duba. Da yamma tafina ya yi bororo, Kawu kuwa ya ce gobe zan fara jan sarƙar awo. Nan za mu ɗora a mako mai zuwa.